Agogon da Ka So, ko Wanda Aka So Maka?

Duk wanda ya ɗan jima yana tara agogunan hannu ya san tambayar da ke biyo bayan gaisuwa da zarar ido ya faɗa kan tsintsiyar hannunsa: "Alhaji, nawa ka saya?" Da wuya ka ji an tambayi abin da ya ja hankalinsa ga agogon, ko irin injin da ke ciki. Da an ji kuɗin an gama yanke hukunci. In ya yi tsada, agogon kirki ne. In ya yi araha sai a ce "to, ba laifi," a kau da kai. Na daɗe ina tara agoguna daidai ƙarfin ma'aikaci, kuma ga inda na tsaya: lissafin ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu yana aiki a harkar agogo, amma iyakarsa kusa take. Daga wannan iyaka zuwa sama sha'awa ake saye, kuma tunda kuɗin daga aljihunka zai fita, ya kamata sha'awar ta zama taka.

Mu fara da aikin da aka ƙera agogo dominsa. A Suwizalan akwai wata hukuma, COSC, da ke gwada injin agogo na tsawon kwana 15 kafin ta ba shi shaidar daidaito. Sharaɗinta shi ne kada ya yi lattin da ya wuce sakan 4 a rana, kada kuma ya yi gaggawar da ta wuce sakan 6. Ke nan agogon da ya ci wannan jarrabawa yana iya wuce lokaci da minti 3 a wata, ba wanda zai ce ya yi laifi. Kamfanin Rolex ya ƙara tsaurara wa kansa tun 2015, ya ce nasa sakan 2 ne a rana, wato kusan minti guda a wata. To ga Casio F-91W, ɗan baƙin agogon roban nan da ya fito a 1989, wanda za ka gani a hannun ɗan makaranta da maigadi da direban tirela. Alkawarin da Casio ya yi a kansa sakan 30 ne a wata, batirinsa yana kai shekara 7, kuɗinsa a ƙasashen waje kusan dala 20. Rolex Submariner na ƙarfe ya haura dala 9,000, kuma a kan takarda ɗan Casio ya fi shi riƙe lokaci.

Ba asiri a ciki. Agogon batir yana ƙirga lokaci da wani ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da ke karkarwa sau 32,768 a kowane sakan. Agogon inji kuwa sifirin ne ke tura wata 'yar ƙaramar da'ira tana kaiwa tana komowa, bugu shida ko takwas a sakan, kuma zafi yana taɓa ta, maganaɗisun lasifikar waya yana rikita ta, bushewar mai yana rage mata gudu, har yadda ka kwantar da agogon da dare yana canza tafiyarta. Tun ranar 25 ga Disamba, 1969, da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na kwaz na farko a kasuwa, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin, aka gama gardamar wanda ya fi riƙe lokaci tsakanin agogon batir da na inji. Kafin shekara goma farashin kwaz ya faɗo har talaka ya iya saye. Masana'antar agogo ta Suwizalan, wadda ke da ma'aikata kusan 90,000 a 1970, ta koma kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Abin da ya cece ta biyu ne: Swatch mai araha da ya fito a 1983, da kuma sauya maganar da take yi wa mai saye. Ta daina cewa agogonta ya fi kowanne daidai, ta koma maganar aikin hannu da tarihi da gado da matsayi. Wannan ba yaudara ba ce, muddin mai saye ya san abin da ake sayar masa.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da ya wuce Casio ɓarnar kuɗi ne. Akwai tazarar da kowace naira da ka ƙara tana sayo maka abin da za ka gani da idonka. Gilashin safaya da ba ya karcewa ya fi na roba, ƙarfe marar tsatsa ya fi tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa wadda gumi zai cinye ta cikin damina ɗaya, madauri mai cikakken ƙarfe ya fi na lanƙwasasshen gwangwani mai cizon gashin hannu. A nan ne lissafi ke da amfani, kuma lissafin ya kamata ya zama na ƙasarmu. Mai sharhin agogo da ke zaune a Landan bai san ƙurar hunturu ba, bai san zafin Afrilu a Sakkwato ba, ba ya alwala sau biyar a rana. Ko ka cire agogon ko ka matsar da shi sama, ruwa sai ya taɓa shi. Wanda aka rubuta wa mita 30 a bayansa fantsamar ruwa kawai yake jurewa, ba nutso ba, kuma da robar da ke toshe bayansa ta tsufa za ka ga tururi ya taru a cikin gilashi. Mai mita 100 shi ne hankali kwance. Madaurin fata, komai kyansa a hoto, gumi da ruwa suna ruɓar da shi. Agogon Citizen Eco-Drive da ke cin haske ya daina neman batir kamar don rana irin tamu aka yi shi, amma da wuya ka ji masu ƙwalisa suna ambatonsa, don ba shi da sunan da ake kece raini da shi.

Sai kuɗin da ba a rubutawa a jikin kwali, wato na gyara. Agogon inji yana buƙatar a warware shi, a wanke, a sa sabon mai. Rolex da kansa yana ba da shawarar a yi haka kusan duk shekara 10, wasu kamfanonin sun ce kafin nan. Manyan kamfanonin Suwizalan da yawa ba sa sayar wa masu gyara na kasuwa kayan gyara, sai dai ka kai wa wakilinsu, kuɗin kuma da dala ake lissafa shi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, gyara ɗaya na irin waɗannan agoguna yana iya sayen sababbin Seiko biyu ko uku. Injin Seiko irin su 7S26 ko NH35, da na Miyota, kusan duk tsohon mai gyara a Sabon Gari ya san cikinsu kamar tafin hannunsa, in ya gagara gyaruwa a ɗauke injin gaba ɗaya a dasa sabo. Wanda bai sa wannan a lissafi ba bai san kuɗin agogonsa ba, kuɗin shiga kawai ya biya.

To daga nan fa? Daga nan ma'auni ya ƙare, ido ya karɓa, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Dukanmu mun san hular da aka ɗinka da keke da wadda aka yi wata da watanni ana sakar ta da allura. Duka suna rufe kai, ta keken ma ta fi daidaita zare, amma ba wanda zai ce mai sayen zanna bukar ta hannu wawa ne, don ya san hannun mutum ya zauna a kanta. Haka nake ji idan na juya bayan agogon inji na ga ƙananan haƙora suna tura juna, babu batir, babu waya, motsin hannuna kaɗai ke ciyar da shi. Wanda Allah ya hore wa ya sayi Patek Philippe ko Grand Seiko saboda wannan ƙauna, bayan ya sauke haƙƙin iyali da na maƙwabci, ba ni da ja da shi. Abin da nake ja da shi shi ne ya ce min ya saya ne don ya fi inganci sau ɗari. Bai fi ba. Ya ce ya so shi, wannan hujja ce da ta isa.

Agogon da na fi so a cikin nawa Seiko 5 ne da mahaifina ya yo tsarabarsa daga aikin Hajji, mai nuna ranakun mako da Larabci da Turanci, ɗan kan saitinsa a ɓoye wajen ƙarfe huɗu. Tun 1963 Seiko ke yin wannan zubi, kuma ba a ƙirga yawan waɗanda suka shigo ƙasar Hausa cikin akwatunan alhazai daga kantunan Makka da Jidda. Yana wuce lokaci da sakan ashirin ko fiye a rana, nakan saita shi ran Juma'a kafin in tafi masallaci. Idan dillali ya yi masa kuɗi ba zai kai na taya ɗaya na mota ba. Amma girmansa ya zauna a hannuna, yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani ba ya maƙalewa, kuma duk lokacin da na duba shi nakan tuna hannun da ya fara ɗaura shi. Babu wani jadawalin farashi da ke da gurbin rubuta wannan.

Ina kuma so in kare Rado, don na sha ganin matasa masu bin sharhin intanet suna yi masa kallon agogon tsofaffi. DiaStar ya fito a 1962, da faffaɗan jikin nan mai siffar ƙwai da aka yi da wani ƙarfe mai tsananin tauri wanda ba ya karcewa, a zamanin da agogo kan dusashe cikin 'yan shekaru. Iyayenmu da suka zaɓe shi sun san abin da suke yi. Ɗan kasuwa da ke wuni yana ɗaga dila yana ƙirga kuɗi yana son abin da zai shekara ashirin yana ƙyalli kamar jiya aka saye shi, wanda kuma zai dace da babbar riga ran Salla. Wannan zaɓi ne da ya fito daga rayuwarsu da tufafinsu. Yau sai ka ga yaro ya haddace jerin agoguna goma da wani Bature ya ce dole kowane mai tarawa ya mallaka, na nutso a teku, na tuƙin jirgi, na tseren mota, yana neman su ɗaya bayan ɗaya, alhali bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko ƙaton agogon nutso mai faɗin milimita 44 ya yi masa kyau da farar shadda ba. Ilmin da ke cikin irin waɗannan sharhuna yana da amfani, ni ma na ƙaru da shi. Amma ra'ayi riga ce, ta wani ba lalle ta yi maka daidai ba.

Akwai kuma abin da namiji Musulmi ba zai tsallake ba. Rolex Day-Date, wanda manyan mutane suka fi kwaɗayi, tun fitowarsa a 1956 da zinare ko filatinam kaɗai ake yin sa. Hukuncin zinare a jikin namiji sananne ne, ba sai na tsaya a kai ba. Na faɗa ne don a ga cewa jerin "mafi kyau" da aka rubuta a wata duniya bai yi la'akari da mu ba.

Maganar da ta fi damuna a 'yan shekarun nan ita ce ta cewa agogo jari ne. Na san inda ta samo asali. A watan Oktoban 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman a birnin New York a kan kusan dala miliyan 17.8. A 2019 wani Patek Philippe guda ɗaya tak a duniya ya kai faran na Suwizalan miliyan 31 a gwanjon sadaka a Janiba. Sannan aka shiga zamanin korona, mutane na zaune a gida, kuɗi ya yi yawa a hannun wasu, farashin tsofaffin agoguna ya yi ta hawa. Patek Nautilus 5711 na ƙarfe, wanda kuɗinsa a kanti bai wuce wajen dala 35,000 ba, aka riƙa sayar da shi sama da dala 100,000 bayan an sanar da daina yin sa a 2021. Daga watannin farko na 2022 kasuwar ta juyo, kuɗin ruwa a bankunan Turai da Amurka ya tashi, kuɗin kirifto ya faɗi, farashin ya yi ta gangarowa wata bayan wata. Waɗanda suka saya a ƙololuwa su suka kwana ciki. Kuma ko a lokacin da kasuwar ke tashe, 'yan samfura kaɗan ne daga kamfanoni uku ko huɗu suka yi wannan tashi. Mafi yawan agoguna da ka fita da su daga kanti sun rage daraja.

Wani abokina ɗan kasuwa ya taɓa ce min, "Malam, kai ma'aikaci ne shi ya sa. Da na ajiye naira a banki gara na ajiye Rolex a durowa." Akwai gaskiya a maganarsa, wanda ya riƙe abin da ake yi wa kuɗi da dala ya fi wanda ya riƙe naira tsira a 2023. Amma ranar da buƙata ta taso, wa zai saya a Kano a kan farashin da ka gani a waya? Dillali zai nemi kwali da takardu, zai sa a buɗe baya, zai cire ribarsa, ya kuma cire ladan gaggawarka. Sannan malaman fiƙihu sun raba kayan amfanin kai da kayan da aka saya da niyyar kasuwanci, na farko babu zakka a kansa, na biyu akwai. Wanda ya ce agogunansa jari ne, to ya je wurin malaminsa da lissafinsu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda wannan tunani ke kashe sha'awar kanta. Mutum ya sayi launin da ba ya so don an ce shi ke riƙe kuɗi, ya ƙi ɓare ledar da ke jiki, ya ƙi ɗaurawa kada ya karce, ya kulle a akwati. Ya biya kuɗin jin daɗi bai ji daɗin ba.

Jabu kuwa, a wurina shi ne mafi munin ciniki a wannan harka gaba ɗaya, kuma shi ya fi yawa a kasuwanninmu. Kuɗin da matashi ke bayarwa ya sayi "Rolex" ko "Hublot" na ƙarya, wanda ake ce masa mai daraja ta ɗaya, sau da yawa ya isa ya saya masa Casio Edifice ko Orient ko Citizen na asali da takardar garanti. Na jabun ba a san irin ƙarfensa ba, ba a gwada shi da ruwa ba, ruwan zinaren jikinsa zai koɗe, in ya tsaya ba mai karɓar ƙorafi. Mai shi kuma kullum yana ɗari-ɗari kada wanda ya sani ya ce ya miƙo a gani. Ba don agogon ya burge shi ya saya ba, don sunan da ke jiki ya burge wasu ne, su kuma waɗanda ake so a burge ɗin su ne suka fi saurin ganewa. Wannan ciwo ya shiga har cikin lefe. Ana jera agoguna huɗu ko biyar masu manyan sunaye a akwati don dangin amarya su gani a fita kunya, kafin a yi suna na fari duk sun mutu. Guda ɗaya na gaske da amarya ta zaɓa da kanta ya fi su duka, kuma zai iya kaiwa hannun 'yarta.

Mai son tsofaffin agoguna ma ya yi hattara. Akwai tsofaffin Seiko da Citizen da HMT da ake harhaɗawa a Indiya daga gawarwakin agoguna daban-daban, a fente fuskar da launi mai ɗaukar ido, a sayar a matsayin na da. In ka san haka ne ka saya da araha don ya yi maka kyau, ba komai. Sai dai kada ka biya kuɗin na asali. Haka rubutun nan na "Swiss Made": doka tun 2017 ta ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera agogon ya kasance a Suwizalan aka kashe, saura yana iya fitowa daga ko'ina.

Na san akwai mai cewa tara agoguna gaba ɗayansa almubazzaranci ne, hannu ɗaya ake ɗaura wa, waya ma tana nuna lokaci. Ban raina wannan magana ba, musamman a lokacin da buhun shinkafa ya gagari gidaje da yawa. Iyakar da na sa wa kaina ita ce ba na cin bashi don agogo, ba na taɓa kuɗin makarantar yara ko na cefane, kuma duk wanda na ga ya daɗe a akwati ban ɗaura ba nakan ba wa ƙane ko ɗa. A cikin wannan iyaka ban ga bambancinsa da mai kiwon tantabaru ko mai tara littattafai ba.

Abin da na fi jin tsoro a kan agogunan inji da ke hannunmu shi ne masu gyara. Tsofaffin nan masu ɗan teburin gilashi a bakin kasuwa, da madubi a ido ɗaya da ɗan hantsaki a hannu, suna ta raguwa, yaran da ke gadon teburin kuma mafi yawansu canjin batir da rage madauri suka iya. Dattijon da ke duba min nawa ya ce min, "Ɗana, wa zai zauna ya koyi aikin da za a wuni ana yi a ba ka kuɗin da bai kai na cajin waya ba?" Laifin har da mu masu agogo. Mutum ya sayi agogon dubu ɗari biyar, a wanke masa inji a sa mai, ya tsaya yana taya kuɗin aikin kamar mai sayen tumatir. Idan waɗannan hannaye suka ƙare, Seiko da Rado da Orient ɗin da iyayenmu suka bari za su koma ƙarfen banza a durowa, komai ingancinsu. Masu tara agoguna a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi su riƙa biyan masu gyara abin da aikin ya cancanta, wanda yake da hali ya sayo musu man inji na gaske da kayan aiki idan ya yi tafiya, ya kuma ɗauki nauyin yaro ɗaya ya zauna a gabansu ya koya. Makarantun koyon sana'a da ke koyar da gyaran waya su ma suna da wurin da za su sa tebur guda na gyaran agogo, tun masu koyarwar suna raye.